Salatin dankali na Ranar Ma'aikata a Amurka: yadda ake haɗa shi, da yadda ake kai shi fili lafiya

A Amurka, Litinin ta farko a watan Satumba ita ce Ranar Ma'aikata, kuma ita jama'a suka ɗauka a matsayin rufewar bazara ko da kalanda ba ta ce haka ba. Makarantu suna komawa a daidai wannan tsakani, wuraren ninkaya da yawa suna rufewa, iyalai da ƙungiyoyin ƙwadago suna fita filayen shaƙatawa da buhun gawayi da kuloli. Gasasshen nama ne ke jan ido, amma abin da ke cika faranti shi ne 'yan rakiyarsa: masara, wake, kabeji, sai salatin dankalin turawa, wanda da wuya a shimfiɗa tebur babu shi. Baƙon da bai daɗe a ƙasar ba, ɗalibi ne ko ma'aikaciyar jinya ko direba, idan aka gayyace shi aka ce kowa ya zo da kwanonsa, sau da yawa wannan ake ɗora masa, wai shi ne mai sauƙi. Kura-kuran masu koyo kuwa ba sa canzawa. Ko dankalin ya dagargaje ya koma fate, ko bayansa ya ji haɗi cikinsa ya yi lami, ko kuma, wanda ya fi muni, a bar kwanon a rana tun azahar har la'asar sakaliya, mutane su kwana suna zarya a bayi.

Duk ukun tushensu ɗaya. Masu koyo suna ɗaukar wannan abinci a matsayin lissafin kayan haɗi, su yi ta gardama a kan wace kwalbar mayonis ta fi, alhali aikin gaba ɗaya lissafin zafi da sanyi ne. Ɗanɗano yana shiga dankali ne lokacin da yake da zafi. Lafiyar masu ci tana tsayawa ne a kan sanyi. Tsakanin waɗannan biyu akwai ɗan lokaci na ɗumi-ɗumi wanda ba ya amfanar kowa sai ƙwayoyin cuta, kuma gwanintar mai girki ita ce ya ƙetare shi da sauri. Wanda ya riƙe wannan zai gane dalilin kowane mataki da ke tafe, ko da ya manta adadin cokula.

Ya kamata kuma a san ranar da ake yi wa girkin. Ranar 5 ga Satumba, 1882, wata Talata, ma'aikata wajen 10,000 suka yi maci a birnin New York a ƙarƙashin gamayyar ƙungiyoyin ƙwadago ta birnin. Ba hutu ba ne a lokacin, don haka da yawansu sun sadaukar da ladan yini guda. Bayan macin suka taru a wani lambu, aka yi jawabai, aka ci aka sha da iyali. Ashe ci a fili tare aka haife shi da ranar. Jihar Oregon ce ta fara mayar da ita hutu a hukumance a 1887, sannan ranar 28 ga Yuni, 1894 Shugaba Grover Cleveland ya sa hannu a dokar da ta mayar da ita hutun ƙasa, a daidai lokacin da yajin aikin kamfanin Pullman ya tsayar da jiragen ƙasa a yankuna da dama. Mai karatu da ya saba da 1 ga Mayu, wadda gwamnatin Abubakar Rimi a Kano ta fara bayar da hutunta a 1980 kafin ta zama ta Najeriya baki ɗaya a 1981, zai yi mamakin jin cewa asalin waccan ma daga Amurka ne, daga gwagwarmayar neman aikin awa 8 da abin da ya faru a Haymarket ta Chicago a watan Mayun 1886. Amurkawa dai suka tsaya a kan Satumba, su da Kanada. Abin da ya shafi mai girki a nan shi ne mutanen da zai ciyar za su koma bakin aiki ran Talata da safe, kuma a Amurka babu dokar tarayya da ta tilasta wa kamfanoni masu zaman kansu biyan ma'aikaci ranar da ya kwanta ciwo. Ciwon cikin kwana biyu a wurin wasu yankan albashi ne.

Kayan aiki da na haɗi, don mutum 10 zuwa 12

Dankalin turawa kilo 2, wato wajen fam 4 da rabi a awon can. Ƙwai 6. Mayonis na kwalba, wanda a gida da yawa ake ce wa bama, kofi 1 da rabi. Ruwan khal fari ko na tuffa cokali 6. Mastad mai launin rawaya cokali 2. Sandar seleri 3. Jar albasa ƙarama 1. Kokwamba da aka tsuma a ruwan khal, yankakkiya, rabin kofi. Gishiri, masoro, sukari ƙaramin cokali 1, lawashi, da garin jan tattasai na yayyafawa.

Na aiki kuwa: babbar tukunya, kwalanda, faffaɗan tire na ƙarfe, wuƙa da katakon yanka waɗanda ba su taɓa ɗanyen nama ba, faffaɗan cokalin roba na juyawa, robobi masu murfi guda 2 ko 3 marasa zurfi, kula, ƙanƙara mai yawa, da ma'aunin zafin abinci. Wannan na ƙarshe ne ake yawan cewa ba dole ba. A ganina ya fi seleri zama dole, domin hannu ba ya iya bambance digiri 4 da digiri 10, ƙwayar cuta kuwa tana iyawa.

Mataki na 1: zaɓen dankali

Dankali ba iri ɗaya ba ne. Akwai mai gari, irin doguwar Russet ta jihar Idaho mai kaurin fata, wadda sitacinta ya yi yawa, da ta dahu sai ta warwatse. Ita ce ta suya da gashi da dakawa. Akwai mai santsi, irin jan dankali ƙanana, wanda ke riƙe jikinsa ko an juya shi sau goma. Tsakaninsu akwai Yukon Gold mai rawayan ciki, wanda aka ƙirƙiro a Jami'ar Guelph ta Kanada. Shi nake ba mai koyo shawara ya saya, don yana riƙe siffarsa, gefunansa kuma suna ɗan narkewa su ba haɗin kauri. Masu son Russet suna da hujja, cewa ta fi shan haɗi, kuma gaskiya ne, sai dai tazarar da ke tsakanin dahuwarta da dagargajewarta ba ta wuce minti ɗaya ko biyu ba, mai koyo kuma ba shi da wannan ido tukuna. Wanda zai gwada girkin a gida Najeriya, irin Nicola da ake nomawa a yankin Jos yana cikin masu riƙe jiki.

A zaɓi masu girma ɗaya, masu tauri. Duk wanda fatarsa ta yi kore ko ya fara tsiro da yawa a ajiye shi gefe, domin koren alama ce cewa haske ya buge shi, kuma tare da shi wani sinadari mai ɗaci, solanin, yake ƙaruwa. Dahuwa ba ta kashe shi. In koren kaɗan ne a fere shi da zurfi, in ya yi yawa a zubar.

Mataki na 2: yanka, da ɗorawa a ruwan sanyi

A wanke, a fere in ana so, a yanka gutsure kamar santimita 2 kowane gefe, kuma a yi ƙoƙari su zo daidai. Wannan ba don kwalliya ba ne. Ƙaramin yanki zai dahu minti biyar kafin babba, kafin babban ya nuna ƙaramin ya zama kunu. Wasu suna dafawa da ɓawonsa gaba ɗaya sannan su ɓare da zafi, suna cewa ya fi ƙamshi kuma ba ya shan ruwa. Hanya ce mai kyau, amma tana da aibi biyu: bayan dankalin yana riga tsakiyarsa nuna, sannan ana daɗewa ana jagwalgwala dafaffen abinci da hannu, wanda za mu ga illarsa a gaba.

A zuba yankakken dankalin a tukunya, a zuba ruwan sanyi ya sha kansa da kamar yatsa biyu, sannan a kunna wuta. Babban kuskuren masu koyo a nan yake: sun saba da taliya, sai su jira ruwa ya tafasa su zuba. Tafasasshen ruwa yana dafa bayan yankin nan take, zafin bai kai tsakiya ba. Idan aka fara da sanyi, ciki da waje suna hawa tare. A sa gishiri cokali 2 a ruwan, a ɗanɗana a ji shi sosai, kada a ji tsoro, yawancinsa zai bi ruwan ya tafi. Gishirin da aka barbaɗa bayan dankali ya huce a fata yake tsayawa. A ƙara ruwan khal cokali 2 a tukunyar. Abin da ke riƙe ƙwayoyin jikin dankali da juna wani danƙo ne da ake kira fektin, zafi yana narkar da shi, tsami kuma yana rage saurin narkewar. Cokali 2 ɗin nan su ne ke ba mai girki ƙarin minti biyu ko uku na afuwa. Kada a wuce haka, in tsamin ya yi yawa dankalin zai ƙi nuna.

Mataki na 3: dahuwa

Da ya tafasa a rage wuta ya riƙa ɓararraka a hankali. Tafasa mai ƙarfi tana gwara yankunan da juna har gefensu ya zube. Daga tafasa, minti 10 zuwa 15 ne, amma agogo ba shi ne alƙali ba. Daga minti na 8 a fara gwadawa: a ciro yanki ɗaya, a soka bakin wuƙa, in ta shige ba tare da turjiya ba kuma yankin bai tsage biyu ba, ya yi. Mafi tabbas a ci. Kada a ji gurus-gurus a tsakiya, domin dankali yana ƙara tauri in ya yi sanyi, abin da ya yi ɗan gurus da zafi zai zama ɗanye a firij. A garuruwa masu tudu irin Denver, inda ruwa ke tafasa a wajen digiri 95 maimakon 100, a ƙara lokaci.

Ƙwan a dafa shi a wata tukunyar, minti 11 zuwa 12, a tsoma a ruwan ƙanƙara nan da nan. Koren zoben nan da ke zagaye gwaiduwa alamar an wuce lokaci ne, ba ya cutarwa amma yana kawo ƙarni. A ɓare, a sa a firij.

Mataki na 4: ruwan khal a kan dankali mai zafi

Nan ne rabin farko na maganar, wato na zafi, yake, kuma nan ne salatin gwani ke rabuwa da na mai koyo. A tsane dankalin a kwalanda, a bar shi minti ɗaya tururi ya fita, a baza shi a kan tire shimfiɗa ɗaya, sannan a yayyafa sauran ruwan khal cokali 4 tun yana tururi, a juya a hankali. A wannan lokaci sitacin ya kumbura ya yi laushi, ruwa yana fita daga jikin yankin a matsayin tururi, abin da aka zuba masa kuma yana samun hanyar shiga. Da ya huce, sitacin ya sake ɗaurewa, ƙofa ta rufe. Duk wanda ya taɓa cin salatin da ke da daɗi a harshe na farko, da aka tauna sai aka ji dankali salam, to wannan mataki aka tsallake, kuma ba a gyara shi da ƙarin mayonis. Ƙarin mayonis nauyi kawai yake ƙarawa.

Kada a ɗauraye dafaffen dankalin da ruwan famfo don ya huce da wuri. Yana wanke gishirin, yana jiƙa yankunan, haɗin ya ƙi kama su, washegari a tarar da ruwa kwance a gindin roba.

Mataki na 5: hucewa

Mayonis mai ne da aka ɗaure da gwaiduwa da tsami. A Amurka doka ta ce sai man ya kai kashi 65 cikin 100 kafin a kira shi da wannan suna. In ya haɗu da zafi ɗaurin yana kwancewa, man ya fito ya yi ƙyalli. Wannan dalili ɗaya ke nan na jira. Na biyu ya fi shi nauyi. Ma'aikatar Noma ta Amurka tana kiran tsakanin digiri 4 da 60 a ma'aunin Salshiyas, wato 40 zuwa 140 a ma'aunin Faranhait da ake amfani da shi a can, yankin haɗari, inda ƙwayoyin cuta za su iya ninka yawansu cikin minti 20 kacal. Dankali kilo 2 da aka tara a roba mai zurfi aka rufe, tsakiyarsa za ta iya yin awanni da ɗumi ko a cikin firij. Shi ya sa ake baza shi a tire. A bar shi a waje minti 20 zuwa 30 har tururi ya ɗauke, sannan a sa tiren a firij a buɗe har ya yi sanyi ƙarara. Ƙa'idar da ake bi a gidajen abinci a can ita ce dafaffen abinci ya sauko daga digiri 57 zuwa 21 cikin awa 2, ya kai digiri 5 cikin awa 4 na gaba. Tire yana cika wannan sharaɗi ba wahala.

Akwai masu tsoron sa abinci mai ɗumi a firij, wai yana lalata shi ko yana sa abincin tsami. Firij na zamani yana ɗaukar tire ɗaya na ɗumi ba tare da matsala ba. Abin da ke sa abinci tsami shi ne daren da ya kwana a kan kanta ana jiran ya huce.

Mataki na 6: haɗi

A wanke hannu da sabulu, kuma daga nan cokali ne zai yi aiki. A kwaba mayonis da mastad da sukari da masoro da kokwambar a babban kwano. Albasar a yanka ta ƙanana a jiƙa a ruwan sanyi minti 10 a tsane, in ba haka ba kafin safe warinta ya danne komai. A zuba ta da seleri da lawashi, a zuba dankalin mai sanyi, a juya daga ƙasa zuwa sama sau kaɗan, ƙwai a ƙarshe. Tun kafin a zuba dankalin, a ajiye kamar cokali 3 na haɗin a gefe, don dankali zai shanye wani a cikin dare, da safe a gyara da shi. A ɗanɗana da cokali mai tsabta, kada a mayar da shi kwanon. Sanyi yana dushe ɗanɗano, saboda haka gishirin da ya yi daidai yanzu zai iya yin kaɗan gobe. Garin tattasai sai an zo fita.

Musulmi mai girki ko mai ci ya lura da abu biyu. Mastad irin na Dijon sau da yawa ana haɗa shi da farar giya, a karanta jikin kwalba, ko a tsaya a kan mai rawaya. Sannan salatin dankali irin na Jamus, wanda ake ci da ɗumi ba mayonis, kuma ya yaɗu a jihohin tsakiyar ƙasar inda Jamusawa suka zauna, da soyayyen naman alade da kitsensa ake yin sa. Ko a na mayonis wasu suna barbaɗa shi a kai. Tambaya a irin wannan taro ba abin kunya ba ce, masu gida sun saba da ita. Wanda ya kawo nasa kuma ya kyauta in ya rubuta abin da ke ciki a 'yar takarda ya jingina da kwanon, don akwai waɗanda jikinsu ba ya karɓar ƙwai ko mastad.

A raba salatin a robobi 2 ko 3 marasa zurfi, a rufe, a sa a firij aƙalla awa 4. Mafi kyau a yi shi ran Lahadi da yamma. Ɗanɗanon yana zama, sanyin yana ratsa tsakiya, kuma mai girkin, wanda sau da yawa uwargida ce da ta yi nata aikin mako, tana samun safiyar Litinin ta huta kamar kowa.

Maganar mayonis

Kafin a fita fili sai an warware wata gardama, domin a kanta mutane suke gina kuskure. Kusan kowa ya yarda cewa mayonis ne ke lalata salatin dankali a rana, don haka wasu suka yanke cewa in an cire shi an sa mai da ruwan khal, an tsira. Mayonis na kwalba yana da tsami sosai, kuma da ƙwan da aka kashe wa ƙwayoyin cuta ake yin sa, shi kaɗai ba wurin zaman cuta ba ne. Masu laifin su ne dafaffen dankali da dafaffen ƙwai: ga laima, ga abinci, ba tsami, kuma dahuwa ta kashe sauran ƙwayoyin da za su yi gasa da duk wadda ta fara sauka. Da aka haɗa su da mayonis, su ne ke rage masa tsami. Wadda ta fi saurin sauka kuwa daga jikin mai girki take zuwa. Ƙwayar Staphylococcus aureus tana zaune a fata da hancin kusan mutum ɗaya cikin huɗu ba tare da ta dame su ba. In ta samu dankali mai ɗumi ta yi awanni, tana fitar da dafin da ba ya wari, ba ya canza ɗanɗano, kuma sake dafawa ba ya kashe shi. Amai da murɗar ciki suna farawa daga minti 30 zuwa awa 8 bayan ci. Don haka wanda ya cire mayonis ya bar kwanon a rana bai tsira daga komai ba. Wanda yake da yanka ko ƙurji a hannu ya sa safar hannu ko ya bar wa wani haɗin. Mayonis ɗin da ya cancanci tsoro shi ne na gida da aka kaɗa da ɗanyen ƙwai, saboda Salmonella, kuma ba shi da wuri a taron fili.

Dankalin kansa yana da haɗarin da ya fi wannan, ko da yake ba kasafai ba. A ƙasa yake girma, ƙwayar da ke haddasa shanyewar jiki ta botulizim kuma a ƙasa take, tana farfaɗowa inda ba iska ba tsami. A watan Afrilun 2015, a garin Lancaster na jihar Ohio, wajen mutum 29 suka kamu bayan wata walimar coci, aka rasa rai, bincike kuma ya gano salatin dankali ne da aka yi da dankalin da aka adana a kwalabe a gida ba da tukunyar matsi ba. A 1994 a El Paso ta jihar Texas an samu irin haka daga gasasshen dankalin da aka bari a naɗe cikin takardar alminiyam ba a firij ba. Darasin a aikace gajere ne: a dafa sabon dankali, kada a tattaro ragowar da ba a san inda ta kwana ba.

Wani zai ce iyaye da kakanni sun yi shekaru suna barin kwano a tebur yini guda ba abin da ya same su. Sau da yawa haka ne, ba kowane kwano ne cuta ke sauka a kai ba. Amma wanda ya yi amai da tsakar dare a gidansa ba ya komawa ya gaya wa mai girki, yakan ce zafin rana ne ko naman ne, saboda haka mai kwanon ba ya jin labari. Taron kuma akwai yara ƙanana, akwai tsofaffi, akwai masu juna biyu, abin da ƙato zai shanye shi zai kwantar da su. Wani kuma zai ce a saya na kanti a huta. Babu laifi, ga wanda ba shi da lokaci ya fi ya zo hannu rabbana. Sai dai na kanti ma mataki na gaba ya hau kansa daidai da na gida.

Mataki na 7: hanya da fili

A fitar da robobin daga firij kai tsaye zuwa kula, a ƙarshen shiri, ba a farkonsa ba. Ƙanƙara a ƙasa, a gefe, da kuma a sama, domin sanyi ƙasa yake gangarawa. Kula cikakkiya ta fi rabi riƙe sanyi, a cike gurbin da kwalaben ruwa daskararru. Lemo da ruwan sha su samu tasu kular daban, don yara za su buɗe ta sau hamsin. Ɗanyen naman gashi shi ma daban, ruwansa in ya ɗiga a murfin salati ba wutar da za ta biyo baya ta gyara. A mota a sa kular a ciki inda na'urar sanyi take, kada a sa ta a but, don yana yin zafi kamar tanda. A fili a nemi inuwa, a lulluɓe ta da bargo. In aka soka ma'aunin a tsakiyar salatin, ya kamata ya nuna digiri 4 ko ƙasa.

Lokacin ci a fito da roba ɗaya kawai, a zaunar da ita cikin babban kwano mai ƙanƙara har wuya, a tsiyaye ruwan in ya narke a ƙara wata. Wannan ne amfanin rabawa tun a gida. In ta ƙare a ɗauke ta a kawo sabuwa da sabon cokali. Kada a juye sabo a kan ragowar tsoho, agogon tsohon ne zai hau kan duka. Ƙa'idar ita ce awa 2 a wajen sanyi, in zafin gari ya haura digiri 32, wato 90 a ma'aunin can, awa 1 ce. Farkon Satumba a Texas ko Georgia ko Arizona yakan kai haka cikin sauƙi. Lokacin yana taruwa ne: rabin awa a kanta da safe, rabin awa a mota ba ƙanƙara, duk a cikin lissafi suke. Tunda hira tana cinye lokaci ba a sani ba, a duba agogo sa'ad da aka ajiye robar, a saita ƙararrawa a waya.

Mataki na 8: ragowa

Zubar da abinci yana da ciwo, musamman ga wanda aka rena da tsince ƙwayar shinkafa daga tabarma. Maganin wannan ciwo shi ne fitarwa kaɗan-kaɗan, don abin da zai salwanta ya zama cokali biyu. Robar da ta wuce lokacinta a tebur a zubar da ita, kada a shinshina, kada a ɗanɗana, kada a ƙulle wa wani ya kai gida. Wadda ba ta bar kula ba, kuma har yanzu akwai ƙanƙara a jikinta, a mayar da ita firij da an isa gida, a cinye cikin kwana 3 zuwa 4. Kada a sa a firiza, mayonis yana tsinkewa, dankalin ya koma kamar soso. In aka buɗe kula aka tarar ƙanƙarar ta narke ruwan ya yi ɗumi, kuma ba a san tun yaushe ba, a zubar da duk abin da ke ciki.